Ƙullin tsoka a sharaɓa: danna, allura, ƙaho ko ƙarfafa ƙafa, wanne ya dace da mai gudun dogon zango?

Duk wanda ya daɗe yana gudun dogon zango ya san wannan wurin. Ka dawo daga gudun asuba, ka zauna a dakali kana kwance igiyar takalmi, ka kai babban yatsa cikin naman sharaɓa, sai ka ci karo da wani zare da ya miƙe ya yi tauri kamar igiyar guga, a jikinsa ga ɗan ƙullutu da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Kana dannawa zafin ya tsarga har dunduniya, wani lokaci har cikin tafin ƙafa. Da ka faɗa wa abokan gudu sai shawara ta fara zuba. Wannan ya ce a kira wanzami, wancan ya ce akwai likitan da ke soka allura sau ɗaya a wuce wurin, na uku ya turo maka hoton wata rolar soso ta murza tsoka da ake sayarwa a intanet. Ga gasa kuma ta matso. 'Yan Arewa masu shirin gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016 kuma galibi ake yi a watan Fabrairu, sun san wannan sosai, domin makonnin da suke ƙara nisa suna faɗawa tsakiyar hunturu, lokacin da ake fita da tsoka a sandare.

Na gwada yawancin hanyoyin nan a ƙafata, sauran kuma na gan su a ƙafafun abokan gudu.

Mene ne ƙullin?

Sharaɓa tsoka biyu ce, ɗaya a kan ɗaya. Ta wajen, mai kai biyu, ita ce ake gani ta murɗe idan mutum ya yi ɗage, kuma daga ƙashin cinya ta taso ta tsallake gwiwa. Ta cikin, wadda likitoci ke kira soliyas, shimfiɗaɗɗiya ce, daga ƙasan gwiwa ta fara. Dukansu sun haɗu a agara, agara kuma ta kama ƙashin dunduniya. Ta cikin nan ita ce jakin gidan. A kowane taku na gudu tana fitar da ƙarfin da ya kai ninki shida zuwa takwas na nauyin jikin mutum, kuma mai yin taku 170 a minti ya ba kowace ƙafa aiki sama da sau dubu biyar a awa guda.

Wadda ta fito da maganar ƙullin tsoka fili wata likita ce 'yar Amurka, Janet Travell, wadda ta zama likitar Shugaba Kennedy a 1961. Ita da David Simons sun zana taswirar inda kowane ƙulli ke aika zafinsa, a littafi mai juzu'i biyu, na farko a 1983, na ƙafa a 1992. A taswirarsu, ƙullin tsokar ciki yana aika zafi zuwa dunduniya da agara, na tsokar waje kuma zuwa ramin tafin ƙafa da bayan gwiwa, kuma shi suka danganta da murɗewar sharaɓa cikin dare. Bayaninsu shi ne wani ɗan yanki na tsokar ya tsuke ya ƙi saki, ya matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da shi, wurin ya rasa isasshiyar iska, ya ƙara tsukewa.

Ba duka masana suka yarda ba. A 2015 John Quintner da abokansa biyu sun yi wa wannan bayani kaca-kaca, kuma an sha gwadawa a ga likitoci biyu sun lalubi tsoka ɗaya sun kasa yin ittifaƙi a kan inda ƙullin yake. Zafin dai gaskiya ne, jiki magayi. Amma duk wanda ya ce maka na'urarsa tana "narkar da" ƙullin ko tana "fasa" shi, ya faɗi fiye da abin da aka tabbatar.

Kafin ka bari kowa ya taɓa wurin

Ba kowane ciwon sharaɓa ne ƙulli ba, kuma akwai guda ɗaya da tausa za ta iya mayar da shi ajali: daskarewar jini a jijiyar cikin ƙafa. Idan sharaɓa ɗaya ta kumbura ta fi 'yar'uwarta, ta yi ɗumi, fatar ta sauya launi, tana ciwo ko kana zaune, wannan aikin asibiti ne a ranar. Ya fi zuwa bayan dogon zama, kamar wanda ya kwana a motar Kano zuwa Legas ƙafa a naɗe, ko ya sauka daga jirgi. Mai ciki, mai jego, da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa sun fi zama cikin haɗarin. Gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu, don haka idan numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya ɗauki ciwo, ba a jiran gari ya waye. Kasancewarka ɗan wasa ba ya kare ka daga wannan.

Sauran da za a cire daga lissafi: zafin da ya zo farat ɗaya kana cikin gudu, kamar an jefe ka da dutse, yagewar tsoka ne ko tsinkewar agara. Zafi a wuri guda a jikin ƙashin ƙwauri, wanda ke ƙaruwa da tsalle, yana iya zama tsagewar ƙashi. Zafin da ya taso daga ƙugu yana saukowa da sanyin ƙafa ko jin kamar tafiyar kiyashi, daga baya yake. Fitsari mai launin shayi bayan gudu mai tsanani alama ce tsoka ta lalace har tana barazana ga ƙoda. Mai sikila kuma ya fara da likitansa. Akwai wani abu da mutanenmu ba su cika sani ba: Cipro da danginsa, waɗanda ake sha kamar gyaɗa da sunan taifot, suna raunana agara, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa musu gargaɗi mafi tsanani a kan haka a 2008. Idan ka sha shi kwanan nan kuma agara ta fara ciwo, dakatar da gudu ka ga likita.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Abu biyar nake dubawa. Saurin samun sauƙi. Ɗorewar sauƙin, wato ko ciwon zai dawo da zarar ka koma hanya. Kuɗi, kuma a nan zan auna hanyoyin ne da juna, tunda farashi yana bin gari da kasuwa. Sauƙin samu, domin abin da sai a Abuja ake yinsa ba shi da amfani ga mai atisaye a Pankshin ko Zinder. Sai haɗari, wanda na haɗa shi da kwanakin atisayen da za ka rasa. Ga ɗan wasa wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Magani mai kyau da zai hana ka gudu kwana uku, idan ya faɗo a makon gasa, ya zama mugun magani.

Danna da kanka

Ƙwallon tanis, muciya, ko guntun bututun roba da aka naɗe da tawul, duk suna yin aikin rolar soso ta shago. Ka zauna a ƙasa, ka ɗora sharaɓa a kan ƙwallon, ka lalubi wurin, ka bar nauyin ƙafar ya sauka a kai daƙiƙa 30 zuwa 90, har ka ji zafin ya fara lafawa. Sannan ka riƙa ɗaga yatsun ƙafa kana saukewa a hankali, ƙwallon na nan. Tsokar ciki ba ta samuwa da kyau ta baya, domin ta wajen ta rufe ta. Ka lanƙwasa gwiwa ka shige ta da babban yatsa ta gefe, ƙasa da inda naman waje ya ƙare. Bayan nan ka dafa bango ka miƙe tsokar, daƙiƙa 30 gwiwa a miƙe, wasu 30 gwiwa a lanƙwashe.

Wuri uku ba a dannawa: ramin bayan gwiwa, inda manyan jijiyoyi suka bi, da jikin agara, da jijiyoyin da suka kumburo suka yi kore a fata.

Kuɗinsa kusan babu, yana hannunka ko'ina, sauƙin kuma nan take ne. Binciken da aka yi a kan rola ya nuna tana ƙara sakin gaɓa na ɗan lokaci, tana rage tsamin jiki, ba tare da ta rage ƙarfi ba, amma tasirin ƙarami ne kuma ba ya daɗewa. Haɗarin daga mai yin yake fitowa. Na taɓa zama a kan kwalbar lemo wajen minti ashirin ina cije leɓe, a tunanina yawan zafi shi ne yawan magani. Washegari wurin ya yi baƙi, na kwana uku ina ɗingishi, ƙullin kuma yana nan daram. Idan zafin ya sa ka riƙe numfashi, ka wuce gona da iri.

Hannun likitan fisiyo

Mutane suna kiran sashen "gashin ƙashi", sai a ɗauka na masu karaya ne da masu shanyewar ɓarin jiki kawai. Ba haka ba ne. Akwai shi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin koyarwa na Zariya, Jos, Sakkwato da Maiduguri, kuma a Najeriya hukumar MRTB ce ke yi wa masu aikin rajista.

Abin da zai yi da hannunsa bai yi nisa da naka ba: danna, riƙe, tausa mai zurfi, miƙewa. Bambancin shi ne kana kwance tsoka a sake, yana iya isa inda ba ka isa, kuma kafin ya taɓa ka zai duba ko ma ba ƙulli ba ne. A ganina rabin kuɗin nan na wannan dubawa ne, kuma ya cancanta. Wani gwaji da aka yi a Burazil a 2011 a kan mutum 60 masu ciwon dunduniya ya kwatanta miƙe tsoka kaɗai da miƙewa haɗe da danna ƙullin sharaɓa, na tsawon mako huɗu. Waɗanda aka haɗa wa biyun sun fi samun sauƙi. Sai dai ba 'yan tsere ba ne, kuma ba a bi su zuwa watanni ba.

Kuɗin matsakaici ne, amma ana komawa sau da yawa, sai ya taru. Na gwamnati ya fi araha, sai dai da haƙurin layi. Haɗari kaɗan ne, tsami na yini guda. Mai tausa na unguwa ko na ƙungiyar ƙwallo yana iya samun hannu mai daɗi, amma bai koyi gane daskarewar jini ba, don haka kada ya zama shi ne farkon wanda zai ga ƙafar da ta kumbura.

Busasshiyar allura

Wannan ce ake ta yayi. Siririyar allura ce irin ta 'yan Sin, kaurinta bai kai sulusin milimita ba, babu ruwan magani a cikinta. Ana soka ta cikin ƙullin ana ɗan ɗagawa ana mayarwa, har tsokar ta yi wani zillo da kanta. Wani likita ɗan ƙasar Cek, Karel Lewit, shi ya rubuta a 1979 cewa sukar ce ke kawo sauƙin, ba lallai sai da abin da aka ɗura ba.

Zillon nan ba a kwatanta shi sai wanda ya ji. Kana kwance rub da ciki, ba ka ma ji shigar allurar ba, sai kawai sharaɓa ta harba kamar an jona mata lantarki, ta murɗe na ƙiftawar ido, ta saki. Da na sauko daga gadon na taka ƙasa, dunduniyar da ta yi mako uku tana damuna ta yi shiru. Amma da yamma hawa bene ya gagare ni sai da dafa bango, kuma ban yi gudu ba sai a rana ta uku. Wannan tsamin na yini ɗaya zuwa uku abu ne sananne, kuma sharaɓa na cikin wuraren da ya fi tsanani tunda kowane taku a kanta yake.

Me bincike ya ce? A 2014 an yi gwaji a Ostireliya da mutum 84 masu ciwon dunduniya, aka yi wa rabi allurar gaske a sharaɓa da tafin ƙafa, rabi kuma ta bogi wadda ba ta huda fata, sau ɗaya a mako har mako shida. Masu ta gasken sun fi samun sauƙi, amma tazarar ba ta da yawa, kuma sun fi shan ƙananan illoli kamar taruwar jini da zafi. Galibin sauran binciken a kan wuya da kafaɗa aka yi shi, kuma abin da ya nuna sauƙi ne na gajeren lokaci.

Ta fi tausa tsada, kuma ba kowane likitan fisiyo ya koye ta ba. A ƙarƙashin tsokar ciki akwai babbar jijiyar laka da jijiyoyin jini da ke tafiya tafin ƙafa, don haka wanda bai san zurfin wurin ba kada ya kusance ka. Ka tambayi inda ya yi horo, kuma ka ga an ɓare allurar daga ledarta a gabanka. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da mai ciwon sukari da ƙafarsa ba ta ji sosai, da mai ciki, su faɗa tun kafin a fara.

Allurar magani da ƙwayoyi

Likita na iya ɗura lidoken, maganin kashe zafi, a cikin ƙullin. Gwajin da Chang-Zern Hong ya yi a 1994 a tsokar kafaɗa ya nuna ita da busasshiyar allura suna kawo sauƙi kusan iri ɗaya idan an samu zillon, sai dai mai lidoken ba ta barin tsami sosai. Ribarta ke nan. Farashinta ya fi, kuma sai likita.

Inda nake ja da baya shi ne allurar sitiroyid, maganin rage kumburi. Ba ya ƙara wani abin kirki a kan ƙullin tsoka, kuma kusa da agara yana iya raunana ta har ta tsinke. Ga mai shiga gasar da ake gwajin ƙwayoyi akwai ƙarin matsala: tun 1 ga Janairu 2022 WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta duk wata allurar wannan rukuni a lokacin gasa, tiramadol ma ya shiga jerin tun farkon 2024. Masu tseren keke kuwa hukumarsu ta duniya ta kafa dokar hana allura ba bisa larura ba tun 2011. Allurar da ake yi a bayan kanta a kemis, ba a san me aka zuƙa ba, ba ta cikin zaɓi.

Diklofenak da ibufurofen suna rufe zafin ne kawai. Shan su kafin dogon gudu, cikin zafin rana ko da azumi a baki, jiki ba ruwa, hanya ce ta jawo wa ƙoda da ciki abin da ya fi ciwon sharaɓa.

Ƙaho, gashi da man zafi

Ba maganar matsayin ƙaho a addini ko al'ada nake yi ba, maganar wannan ciwon kawai. Jinin da wanzami ke jawowa daga ƙananan jijiyoyin fata yake fita, ƙullin kuwa yana can cikin nama, ƙarƙashin fata da kitse, wani lokaci ƙarƙashin wata tsokar. Mutane da dama suna jin sauƙi bayansa, ban musa ba, kamar yadda ake ji bayan duk abin da ya ja fata ya motsa wurin. Amma tsagar tana barin rauni a inda gumi da ƙura ke taruwa, sai ka jira ta warke kafin ka koma hanya. Askar da aka yi wa wani aiki da ita tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. In za ka yi, ka je da sabuwar reza. Ƙahon da ba tsaga, irin wanda ya bar tabo a kafaɗar Michael Phelps a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya fi sauƙin haɗari, kuma amfaninsa bai wuce na tausa mai sauƙi ba.

Gashi da tawul da ruwan ɗumi na minti goma zuwa sha biyar kafin danna ko miƙewa yana taimakawa, musamman da hunturu. Robb da Aboniki ɗumin da suke sawa a fata yake tsayawa, yana ɗauke hankali daga ciwon. Kada a shafa su sannan a ɗora ruwan zafi ko a ɗaure da bandeji, fata na iya ƙonewa.

Na'urori

Bindigar tausa mai caji tana yin abin da ƙwallon tanis ke yi, da ƙarin daɗi da ƙarin kuɗi masu yawa. Na'urar bugun sauti ta asibiti, mai aika bugu mai ƙarfi cikin nama ta saman fata, wadda ake yi sau uku zuwa biyar mako-mako, hujjarta ta fi ƙarfi a ciwon agara da na tafin ƙafa da ya daɗe. Ita ce mafi tsada a jerin, kuma sai manyan birane.

Ƙarfafa sharaɓa da gyara atisaye

Ruwa ba ya tsami banza. Duk hanyoyin da suka gabata suna sassauta tsokar ne, ba wadda ta taɓa dalilin da ya sa ta tsuke. Galibi dalilin shi ne an ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Ka duba makonni uku da suka wuce: ka ƙara nisa da yawa lokaci guda? Ka fara hawan tudu ko gudu cikin yashi? Ka sauya zuwa takalmi mai gajeren diddige? Takalmin gudu yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800, na gwanjo kuwa wani ya riga ka cin rabonsa. Ga mai keke, sirdi da ya yi tsawo yana sa a riƙa miƙa yatsu a kowane juyi, sharaɓa ce ke biya.

Gwada kanka. Ka tsaya da ƙafa ɗaya, ka dafa bango da yatsa, ka yi ɗage har ƙarshe ka sauko a hankali. Mai gudun dogon zango ya kamata ya yi 20 zuwa 25 ba tare da tsayin ya ragu ba. Da yawa daga cikin masu alfahari da kilomita talatin suna tsayawa a sha biyu. Sannan ka tsuguna ka ga ko dunduniya na zama a ƙasa.

Maganin shi ne wannan ɗagen, iri biyu: gwiwa a miƙe don tsokar waje, gwiwa a lanƙwashe don ta ciki. Håkan Alfredson na Suwidin ya shahara da tsarin da ya fitar a 1998 don ciwon agara, sau 15 har zagaye uku, iri biyun, safe da yamma, mako 12. Ga ƙullin sharaɓa ba sai an kai haka ba. Sau uku a mako ya isa, amma da nauyi. Ka zauna a benci, yatsun ƙafa a kan bulo, ka ɗora jarka mai lita 10 cike da ruwa a kan gwiwa, kilo 10 ke nan. In ta yi sauƙi ka koma mai lita 25. A makon farko da na biyu ka rage tudu da gudun sauri, amma ba sai ka daina gudu gaba ɗaya ba muddin ba ka ɗingishi.

Aibinsa ɗaya: jinkiri. Sai mako shida zuwa sha biyu kafin a ga bambanci na gaske, kuma ba wanda zai yaba maka don ka ɗaga jarka.

| Hanya | Saurin sauƙi | Ɗorewa | Kuɗi | Samu | Haɗari da hutu |
|---|---|---|---|---|---|
| Danna da kanka | Nan take | Awanni zuwa kwana | Kusan babu | Ko'ina | Kaɗan, sai in an zarce |
| Hannun fisiyo | Nan take | Kwanaki zuwa makonni | Matsakaici | Manyan asibitoci | Tsamin yini guda |
| Busasshiyar allura | Bayan tsami ya wuce | Kwanaki zuwa makonni | Sama da tausa | Wuya | Hutun kwana 1 zuwa 3, sai ƙwararre |
| Allurar lidoken | Nan take | Kamar busasshiya | Mai yawa | Sai likita | Tsami kaɗan, a kula da dokar gasa |
| Ƙaho mai tsaga | Ya danganta | Gajere | Kaɗan | Ko'ina | Rauni, kamuwa da cuta |
| Bugun sauti | Makonni | Ya fi a ciwon agara | Mafi tsada | Manyan birane | Kaɗan |
| Ƙarfafawa | Mako 6 zuwa 12 | Mafi daɗewa | Babu | Ko'ina | Kaɗan |

Wa ya ɗauki wanne?

Idan gasa saura mako ɗaya ko ƙasa da haka, ba a fafe gora ranar tafiya. Gashi, danna mai sauƙi, miƙewa, rage nisa. Kada ka gwada allura ko ƙaho a karon farko yanzu, kada kuma ka fara ɗaga jarka.

Idan saura mako huɗu zuwa takwas kuma ciwon na hana ka kammala atisaye, ka je wurin likitan fisiyo. Ya fara da hannu. In an yi zama biyu ko uku ba canji kuma ya iya busasshiyar allura, a yi ta washegarin dogon gudunka, yadda kwanakin tsamin za su faɗa kan hutu. Ta ƙarshe kada ta matsi ranar gasa, a bar aƙalla mako guda.

Wanda ƙullin ke dawo masa duk bayan wata biyu, ya sha tausa ya sha allura, kuɗinsa yake zubarwa idan bai ƙirga ɗagensa ba. Ƙarfafawa ce tasa, ƙwallon tanis kuma ya zama na rage zafi a hanya. Haka wanda ya haura shekara arba'in, domin ƙarfin sharaɓa na cikin abin da ke fara raguwa da shekaru.

Mai tsoron allura, ko mai shan maganin tsinka jini, bai yi asarar komai ba idan ya tsaya a hannu. Wanda ciwonsa ya fi zama a agara ko tafin ƙafa, ya wuce wata uku, kuma aljihunsa zai ɗauka, shi ne zai tambayi na'urar bugun sauti, tare da ɗagen, ba a madadinsa ba.

Saurayin da ke ƙauye yana shirin gudun ɗaukar soja ko ɗan sanda, ba asibitin fisiyo kusa, ba kuɗin mota: muciya, tawul da ruwan ɗumi, bulo da jarka sun ishe shi, ya kuma bar gudu kwana ɗaya tsakanin kowane dogon gudu. In ya yi mako uku a haka ba sauƙi, ko sharaɓar ta kumbura ta fi ɗayar, ya nemi kuɗin motar ko da rance ne.